Wa Ke Yi Musu Kiɗa?

A shekarun da faifan bidiyo ƙirar China ya cika kasuwanninmu, irin wanda ake cusa fim ashirin a faifai guda a naɗe shi cikin kwali mai ƙyalli, na tsaya wurin wani yaro mai baro a Sabon Garin Zariya na ɗauki guda biyu. Ɗaya jiragen ruwan yaƙi ne a bayan kwalinsa. Ɗayan kuma hoton wani Bature ne siriri cikin baƙar kwat, sigari a hannu, taurari a bayansa. Na farkon na saye shi ne saboda ƙanin kakana, wanda duk gidan muke ce wa Baba. Yana cikin 'yan Bama, wato sojojin da Turawan mulkin mallaka suka kwasa daga nan suka kai dazukan Bama su yaƙi Japan a yaƙin duniya na biyu. Na biyun kuwa mai baron ne ya ɗora mini shi gyara, don ya daɗe a baron ba mai tayawa.

Bayan sallar isha aka tada inji, aka shimfiɗa wa Baba buzunsa a gaban talabijin, na sa faifan farko. Teku ya bayyana baƙi da fari, igiyar ruwa na tashi, manyan jirage na keta ta, ga igwa na aman wuta, ga jiragen sama na sulmiyowa cikin ruwa da hayaƙi a wutsiyarsu. A kan duk wannan kuma kiɗan Turawa ne mai cika kunne, kakaki da goge da ganguna, yana hawa yana sauka tare da igiyar ruwan. Baba ya yi kamar minti goma sha biyar bai ce uffan ba. Can ya juyo ya ce, "Ɗan nan, wa ke yi musu kiɗa?" Na ce, "Baba, ai daga baya aka sa shi, a wurin haɗa fim." Ya gyaɗa kai ya ce, "To. Don mu inda muka je babu makaɗi." Ya laluba butarsa ya tashi.

Shirin da ya tashi ya bari sunansa Victory at Sea, kuma ba ƙaramin shiri ba ne a tarihin talabijin ɗin Amurka. Tashar NBC ce ta nuna shi daga Oktoban 1952 zuwa Mayun 1953, kashi 26, kowane kashi rabin awa. Wanda ya shirya shi, Henry Salomon, tsohon sojan ruwa ne da ya yi aiki a ƙarƙashin Samuel Eliot Morison, masanin da aka ɗora wa rubuta tarihin rundunar ruwan Amurka a yaƙin. Ma'aikatansa sun tace zaren majigi mai tsawon ƙafa kusan miliyan 60, har da wanda aka ƙwato daga Jamus da Japan, suka tsamo kusan ɗaya cikin dubu kacal. Yawancin majigin da aka ɗauka a fagen fama ba shi da sauti, don haka aka nemo Richard Rodgers, shahararren mai tsara waƙoƙin dandali, ya ba da karin, Robert Russell Bennett kuma ya shimfiɗa shi ya zama kiɗan awa goma sha uku. Faifan kiɗan kaɗai ya yi kasuwa shekara da shekaru.

Ba zan ce shirin ƙarya ba ne. Jiragen da ke nutsewa da gaske suka nutse, da mutane a cikinsu. Amma a kashi 26 ɗin nan ba a zaunar da soja ko ɗaya an ce ya faɗi abin da ya gani ba. Murya guda ce, ta mai ba da labari Leonard Graves, tana magana daga sama kamar sanƙira, sai kiɗa. Kuma a lura da lokacin. Sa'ad da iyalai ke zaune a falo suna kallon nasarar 1945, 'ya'yansu na can Koriya cikin wani yaƙin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wanda sai a Yulin 1953 aka tsagaita wutarsa. Ƙasar na bukatar a tuna mata cewa yaƙi abu ne da ake ci, shirin kuwa ya biya wannan bukata. Waɗanda suka biyo bayansa, irin su Air Power na CBS da Walter Cronkite ya karanta labarinsa, duk sawunsa suka taka.

Faifan gyaran ya yi makonni a kan kabad kafin in sa shi. Baturen mai baƙar kwat Rod Serling ne, shirin kuma The Twilight Zone, wanda CBS ta fara nunawa ran 2 ga Oktoban 1959. A ƙarshen wannan watan ne aka buɗe gidan talabijin na Ibadan, na Kaduna kuma ya biyo baya a 1962, wato shirin sa'an talabijin ɗinmu ne. Gajerun labarai ne na almarar kimiyya da al'ajabi, galibinsu minti ashirin da biyar-biyar, kowanne da mutanensa: mai tafiya duniyar taurari, mai komawa zamanin da ya wuce, mutum-mutumin ƙarfe da ya ɗauka shi ɗan Adam ne. An yi kashi 156 zuwa 1964, Serling da hannunsa ya rubuta 92. Na zauna da niyyar kallon abin yara. Kafin in kai kashi na biyar na gane cewa mai wannan alƙalami ya taɓa kwana a ramin fama.

Kashegarin da ya gama sakandare a 1943 Serling ya shiga soja, yana ɗan shekara 18. Ya zama sojan laima a runduna ta 11, aka kai su Filifin. Ya yi yaƙi a tsibirin Leyte a ƙarshen 1944, sannan a Manila a Fabrairun 1945, inda fararen hula kusan dubu ɗari suka hallaka cikin wata guda. Ya dawo da rauni a gwiwa da wuyan hannu, da lambobin yabo, da kuma wani abu da ba a ba da lamba a kansa. A Leyte yana tsaye wani abokinsa na ba su dariya, jirginsu ya jefo akwatin abinci daga sama, akwatin ya faɗo a kan abokin ya kashe shi nan take. Ba harsashin maƙiyi ba, abincin da suke jira ne. 'Yarsa Anne ta ba da labarin yadda, shekaru bayan haka, takan ji ihunsa cikin dare yana mafarkin sojan Japan sun taso masa.

Da ya dawo ya yi karatu a kwalejin Antioch ta jihar Ohio, ya zama marubucin wasan talabijin, kuma da farko gaba-gaɗi ya so ya riƙa faɗin abin da ke cikinsa. Nan ya ci karo da masu talla. A wancan zamanin kamfani guda ke ɗaukar nauyin shiri sukutum, don haka shi ke da wuƙa da nama. A Agustan 1955 wasu fararen fata suka sace Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, a jihar Mississippi, suka kashe shi suka jefa gawarsa a kogi, kotu kuma ta wanke su. Serling ya rubuta wasa a kan haka. Kafin a nuna shi a 1956 an ɗauke labarin daga kudancin Amurka an mayar da shi arewa, an mai da mamacin wani baƙo daga ƙasar waje, har kwalaben Coca-Cola an kwashe daga wurin wasan don kada su tuna wa mai kallo Kudu. Ya sake gwadawa a 1958, aka mayar da labarin shekarun 1870, yaron kuma ya zama ɗan Meziko. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. A 1959 da CBS ta nuna wasa kan shari'ar 'yan Nazi a Nuremberg, an shafe kalmar gas daga bakin 'yan wasan, domin ƙungiyar kamfanonin gas na cikin masu ɗaukar nauyin shirin. Wasa ne kan mutanen da aka kashe da gas, amma an hana furta sunan abin da ya kashe su.

Mu da muka tashi da tatsuniya mun san mafitar da Serling ya samu. Abin da ba a iya faɗa wa sarki a fada, a bakin Gizo ake sa shi, sarki ya yi dariya, talaka kuma ya gane. Serling ya lura cewa mai talla ba ya tsoron maganar da ta fito daga bakin mutumin duniyar Mars. Sai ya koma yin hannunka mai sanda, kuma mafi yawan abin da sandar ke nunawa yaƙi ne.

Akwai kashin da ake kira A Quality of Mercy, wanda aka nuna ran 29 ga Disamban 1961. Ranar 6 ga Agustan 1945 ce, a Filifin. Wasu sojan Amurka da suka gaji liƙis sun tsare bakin wani kogo, a ciki akwai ragowar sojan Japan, marasa lafiya da masu rauni, ba sa iya komai. Sai ga sabon laftanar ya iso da kaki mai guga, bai taɓa jin ƙarar harsashi ba, yana ƙishirwar suna kafin yaƙi ya ƙare. Ya ce a far wa kogon. Samanjansa ya roƙe shi a bi ta gefe a wuce, ya ƙi. Madubin hangen nesansa ya suɓuce ya faɗi, ya sunkuya ya ɗauka, da ya ɗago sai ga shi ya zama laftanar ɗin Japan a Corregidor cikin Mayun 1942, waɗanda ke kwance a kogon kuma Amurkawa ne. Yanzu shi ke roƙo, kyaftin ɗinsa na mayar masa da kalmomin da ya gama faɗa. Shekara 16 kacal da gama yaƙin, mutumin da sojan Japan ke hana shi barci ya sa Amurkawa sun shiga rigar sojan Japan sun leƙo kansu. A ganina babu shirin tarihin wancan zamanin da ya yi ƙarfin halin da ya kai wannan.

Haka The Shelter, na ƙarshen Satumban 1961, makonni kaɗan bayan an fara gina katangar Balin, lokacin da Shugaba Kennedy ke jan hankalin jama'a kan tanadin maɓoya saboda bam ɗin nukiliya. Maƙwabta sun taru suna taya wani likita murnar zagayowar ranar haihuwarsa, ana ci ana raha. Rediyo ta sanar an hango wasu abubuwa a sama sun nufo ƙasar. Likitan ne kaɗai ya haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma mutum uku zai ɗauka. Cikin minti goma mutanen da suka gama yi masa addu'a sun koma zagin juna da asali, sun samo bututun ƙarfe suna dukan ƙofar. Tana ɓallewa rediyo ta ce taurarin ɗan Adam ne, ba komai. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, amma an tsaya cirko-cirko, kowa ya kasa duban ɗan'uwansa. Duk wanda ya taɓa kwana a unguwa ranar da rikici ya ɓarke a gari, ya ga yadda maƙwabcin shekara ashirin ke sauya fuska, ba ya bukatar a fassara masa wannan kashin.

Star Trek, wanda NBC ta nuna daga 1966 zuwa 1969 cikin kashi 79, ya fi suna a duniya, kuma shi ma gidan tsofaffin sojoji ne. Mai shirin, Gene Roddenberry, ya tuƙa jirgin yaƙi ƙirar B-17 a yankin tekun Fasifik. James Doohan, injiniyan jirgin sararin samaniyar da ke cikin wasan, yana cikin sojan Kanada da suka sauka gaɓar Normandy ran 6 ga Yunin 1944. A daren ranar wani mai gadi na ɓangarensu ya buɗe masa wuta bisa kuskure, ya rasa yatsar tsakiya ta hannun dama, kuma shekara da shekaru ana kauce wa hannun da kyamara. George Takei, matuƙin jirgin, yarintarsa a bayan waya mai ƙaya ya yi ta, cikin Amurkawa 'yan asalin Japan kusan dubu 120 da gwamnatinsu ta tsare a sansanoni. Leonard Nimoy, mai dogayen kunnuwan nan na wasan, shi ne ma sojan da ke riƙe da rediyo a bakin kogon Serling.

A Fabrairun 1967, lokacin da ake karanto wa Amurkawa adadin matattun Biyetnam mako-mako a labaran dare, aka nuna kashin Star Trek mai suna A Taste of Armageddon. Duniyoyi biyu sun shekara 500 suna yaƙi, amma da kwamfuta. Na'ura ce ke lissafa inda bam zai faɗa da waɗanda zai kashe, waɗanda sunansu ya fito kuma sai su kai kansu cikin awa 24 a shigar da su wani ɗaki a ɓatar da su. Gidaje na nan, tituna fes, ba jini ba wari, saboda haka ba wanda ya ga dalilin sulhu. Kyaftin Kirk, shugaban jirgin, ya farfasa na'urorin don ya dawo musu da tsoron yaƙi na gaske. Wanda ya fi damuna shi ne A Private Little War, da aka nuna ran 2 ga Fabrairun 1968, kwana biyu ko uku da fara farmakin Tet a Biyetnam. Abokan gaba sun ba wata ƙabila bindigogin harba-ka-ruga, Kirk kuma ya yanke shawarar ba ɗaya ƙabilar irinsu don a yi daidai, likitan jirgin na yi masa gardama da ɗaci. Shirin bai yi tir da shawarar ba, ya dai bar Kirk da nauyinta a ƙirji. Na kalle shi ina tuna cewa a daidai wannan watan namu yaƙin basasar na ci, Ingila da Tarayyar Sobiyat na sayar wa gwamnatin tarayya makamai, daga baya kuma na Faransa suka riƙa isa Biyafara.

Labaran dare ne suka fara tsaga labulen da shirye-shiryen tarihi suka rataya. A Agustan 1965 wakilin CBS Morley Safer ya nuna sojan Amurka suna kunna wa bukkokin ƙauyen Cam Ne wuta da abin kunna sigari, tsofaffi na kuka a gefe, har Shugaba Johnson ya buga wa shugaban tashar waya a fusace. Ran 27 ga Fabrairun 1968 Cronkite, shi dai wanda ya karanta Air Power, ya dubi kyamara ya ce yaƙin ya zama canjaras, sai dai a zauna a sasanta. Bayan nan salon sanƙira da kakaki ya fara tsufa. Turawan Ingila suka fito da The World at War a 1973, shi ma kashi 26, amma cike da fuskokin tsofaffi suna magana, Jamusawa da Japanawa a cikinsu. A 1983 tashar PBS ta nuna tarihin yaƙin Biyetnam kashi 13, aka ji muryar 'yan Biyetnam ɗin kansu. Abin da Serling ya yi da faɗuwar madubi a 1961, sai da talabijin ɗin Amurka ya shekara ashirin da ɗoriya kafin ya yi shi da mutanen gaske.

Sai kuma Ken Burns, mai shirya fina-finan tarihi. The Civil War, tarihin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, PBS ta nuna shi dare biyar a jere daga 23 ga Satumban 1990, kashi tara, awa 11. Mutum kusan miliyan 40 suka kalla, a daidai lokacin da ake jibge sojan Amurka a Saudiyya bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait. Burns ya shekara biyar yana aikin, ya fi tsawon yaƙin kansa. Matsalarsa ita ce babu majigi a 1861, kuma duk shaidu sun mutu. Abin da ya rage hotuna ne da wasiƙu. Sai ya sa kyamara ta riƙa rarrafe a kan hoto a hankali, daga takalmi zuwa ɗamara zuwa ido, ta tsaya a idon har sai ka ji kunyar kawar da naka. Akwai hotunan da Alexander Gardner ya ɗauka bayan gumurzun Antietam na 17 ga Satumban 1862, ranar da aka kashe ko aka raunata ko aka nemi mutum kusan dubu 23 aka rasa. Gawarwaki ne jere a gindin shinge, aljihunansu a zazzage, wasu an zare musu takalma. An baje hotunan a Niyok wata guda bayan faɗan, mutane suka yi layi suna duba ko za su ga nasu. Burns ya mai da ƙasar gaba ɗaya cikin wannan layin.

A ƙarshen kashin farko aka karanta wasiƙar wani manjo, Sullivan Ballou, da ya rubuta wa matarsa ran 14 ga Yulin 1861, yana shaida mata cewa jikinsa na ba shi ba zai dawo ba, yana neman gafararta, yana yi mata alkawarin kasancewa kusa da ita ko bayan ransa. Mako guda bayan haka aka yi faɗan Bull Run, raunin da ya samu a nan ne ajalinsa. A ƙarƙashin karatun goge guda ne ke kuka a hankali, wani kari da Jay Ungar ya tsara a 1982. Na kalli wurin nan sau da yawa kuma kowane karo sai ya taɓa ni.

Amma tambayar Baba ba ta bar ni ba, domin nan ma akwai makaɗi. Gogen ya fi kakakin Rodgers ladabi, sai dai shi ma yana iya lulluɓe abu. Wanda ya fi kowa bayyana a shirin shi ne Shelby Foote, marubuci ɗan Mississippi mai farin gemu da zaƙin baki, irin tsohon da za ka so ka kwana kana sauraro. Foote ya ce yaƙin ya samo asali ne daga kasa yin sassauci tsakanin ɓangarorin biyu, ya kuma jera Nathan Bedford Forrest da Shugaba Lincoln a matsayin haziƙai biyu da yaƙin ya fitar. Forrest ɗin nan dillalin bayi ne, sojojinsa ne suka karkashe baƙaƙen sojan da suka miƙa wuya a Fort Pillow a 1864, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar Ku Klux Klan. Sassauci a kan me? A kan mutum miliyan huɗu da ake saye da sayarwa. Barbara Fields, masaniyar tarihi baƙar fata, ta faɗi haka a shirin ba tare da kwana-kwana ba, ta ce yaƙin bai ƙare ba tukuna kuma ana iya faɗuwa a cikinsa, amma lokacin da aka ba ta bai kama ƙafar na Foote ba. Shirin ya yi maganar bauta, ya sa Morgan Freeman ya karanta kalaman Frederick Douglass, ya ambaci baƙaƙen fata kusan dubu 180 da suka sa kakin Arewa. Duk da haka ɗanɗanon da yake barin maka a baki na 'yan'uwa ne da suka saɓa suka shirya, kowa jarumi. A cikin dubu 180 ɗin nan, ko da yake wannan wani zancen ne, akwai ɗan ƙasarmu: Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa a Borno, wanda aka kama yana yaro aka ƙetara da shi Sahara, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863 da sunan Nicholas Said, ya kuma buga tarihin rayuwarsa a 1873.

Burns ya ci gaba. A 2007 ya yi yaƙin duniya na biyu ta bakin mutanen garuruwa huɗu, a 2017 kuma shi da Lynn Novick suka fitar da na Biyetnam, kashi goma, awa 18, da shaidu kusan 80. A cikinsu akwai Bao Ninh, tsohon sojan Biyetnam ta Arewa, yana ba da labarin ranar da ya koma gida bayan shekara shida, mahaifiyarsa ta hana a yi murna da ƙarfi saboda maƙwabta ba su ga nasu ba. Serling bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ciwon zuciya ya kashe shi a Yunin 1975 yana da shekara 50, wata biyu bayan faɗuwar Saigon.

Su Baba ba wanda ya bi su da kyamara haka. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi fama a kwarin Kaladan da yankin Arakan, da Hausa ake ba su umarni, da yawansu a ka suke ɗaukar kayan yaƙi a inda mota da alfadari ba sa shiga. Abin da ya rage mana sunaye ne a ƙofar bariki, Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Myohaung a Legas, muna wucewa kullum a kan babur. A gida ma Baba ba ya zancen. In yara sun matsa masa sai ya ce an je an dawo, alhamdu lillahi.

Wani dare da damina ya shigo ya tarar ina kallon faifan gyaran, na miƙe zan kashe, ya ce in bari. Kashin The Purple Testament ne, na Fabrairun 1960. Filifin ce kuma, a 1945. Wani laftanar ya dawo daga sintiri an kashe masa mutum huɗu, ya zaro takarda ya nuna wa kyaftin ɗinsa: sunayen huɗun ne, tun jiya ya rubuta su, domin ya ga wani haske a fuskokinsu. Ina fassara wa Baba jimla-jimla. Babu kiɗan kirki, babu jirgi, tanti ne da fitilar ƙwai da mutum biyu. Ana shirin fita wani farmakin laftanar ya ga hasken a fuskar kyaftin ɗin, ya roƙe shi kada ya je. Kyaftin ya ce shirme ne. Amma da ya rage shi kaɗai a tantin, sai ya zaro hotunan matarsa da 'ya'yansa ya ajiye a kan tebur, ya zare zoben aurensa ya ɗora a kai, ya ɗauki hular kwano ya fita.

Baba ya ɗaga hannu. "Mayar da shi baya." Na mayar. Ya matso har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin, ya sake kallon hannun yana zare zoben. Ya ce, "Wanda ya tsara wannan ya je." Na ce, "Ya je, Baba." Na ba shi labarin Leyte da akwatin abincin. Bai yi mamaki ba. Ya ce su ma a Kaladan daga sama ake ciyar da su, wani kayan da laima, buhunan shinkafa kuwa haka nan ake turo su daga ƙofar jirgi, kuma ya ga wanda buhu ya karya wa wuya.

Fim ɗin ya ci gaba, laftanar ya ga hasken a fuskarsa cikin madubin aski, ya shiga mota, aka ji tashin nakiya daga nesa. Baba bai kalli wannan ba. Ya riga ya juya baya ga talabijin yana ba ni labarin wani ɗan ƙasar Argungu da suke tanti ɗaya, wanda ana gobe za su haye kogi ya kwance layar damtsensa, ya haɗa da sulallansa ya ƙulle a hankici ya ba shi, ya faɗa masa sunan ƙauyensu da na mahaifiyarsa sau uku. Man inji ya ƙare, ɗakin ya yi duhu, ruwa na dukan kwano. Na yunƙura zan nemo fitila ya kama hannuna ya zaunar da ni. Ya ce bayan an sallame su a 1946 kwana tara ya yi a hanya, jirgin ƙasa da mota da ƙafa, kuma ya sami tsohuwar a bakin rijiya tana jan ruwa.